Ranar da Kwamiti Ya Kulle Tsani

Saboda ruwa aka kafa kwamitin gidanmu. Kowa ya san haka, ko da yake ba kasafai ake tunawa ba. Injin da ke tura ruwa zuwa tankin saman rufi ne ya ƙone wata shekara ina ƙarama, mutanen benen suka yi ta hawa da sauka da bokitai har kafaɗu suka yi tsami. Sai aka taru a tsakar gida aka ce a zaɓi mutane kaɗan su nemo mai gyara. Aka ba Babana shugabanci, don yana da haƙurin sauraron mutane, ga kuma babbar murya. Aka gyara inji, ruwa ya dawo. Kwamiti kuwa bai tafi ba.

Na sha tambayar kaina dalili. A littafinmu na ilimin zaman ƙasa an ce ana kafa hukuma ne don ta yi wa jama'a abin da mutum ɗaya ba zai iya yi wa kansa ba. Na gane wannan a kan inji, tunda ba wanda zai gyara rabinsa ya sha rabin ruwa. Abin da littafin bai faɗa ba shi ne inda hukumar take zuwa in ta gama aikin. Tamu dai tsakar gida take zuwa, kowane ƙarshen mako da la'asar, ta zauna a fararen kujerun roba tana jiran a kawo ƙara.

Kuma ana kawowa. Tela, mai shago a ƙasa kusa da ƙofar shiga, ya yi tuntuɓe da takalmin wani a matakala, aka yi dokar hana barin takalmi a waje. Nas, wadda ke dawowa daga asibiti ta kwanta da rana, ta ce rediyo na hana ta barci, aka yi dokar rediyo. Aka yi ta shanya, aka yi ta shara, aka yi ta inda za a jingine keke, har da wadda ta ce kada a bar bokiti a baranda sai in a kife yake. Yin dokar ma ba wuya. Baba zai faɗi abin da aka kawo, ya bi fuskoki da kallo, ya ce, "Akwai mai ja?" Sai kowa ya sunkuyar da kai yana duban yatsun ƙafarsa, saboda ba mai son a ce shi ne mai gardama, kuma kowa ya ƙagu ya tashi. Baba ya ce, "To, ta zauna." Ina jin duk wannan ne ta tagar kicin ɗinmu, don tsakar gidan kamar rijiya take, abin da aka faɗa a ƙasa sai ya hawo. Tun da nake saurare ban taɓa jin an ce wata doka ta tashi ba.

Kaka, mahaifiyar Baba, ba ta zuwa taro. Ɗakinmu ɗaya da ita a hawa na ƙarshe, kuma sunanta aka sa mini, shi ya sa take ce mini Takwara, Baba kuma yake ce mini Mamana. Shi kuwa ba ta kama sunansa, tunda ɗan fari ne. A da "wannan" take ce masa. Da aka kafa kwamiti sai ta samu abin da take nema, ta koma kiransa Ciyaman, da wata irin murya da ba za ka iya cewa girmamawa ce ko tsokana ba.

A ƙarshen barandarmu akwai tsanin ƙarfe da aka kafe a jikin bango. Yana miƙewa ne zuwa wata ƙaramar kafa mai murfi, wadda ake bi a fita saman rufi. Don masu duba tanki aka yi shi, ba don tsofaffi ba, amma kullum da safe, da ta shanye shayinta, Kaka za ta ɗaure zane tamau, ta kama ƙarfen nan ta haye. Sai rana ta fara zafi take saukowa. Ni ban taɓa hawa ba. Ko kujera na taka don ɗauko littafi a saman durowa sai tsoro ya kama ni.

Wata safiya tana saukowa ƙafarta ta zame a takun ƙarshe. Ba faɗuwa ta yi ba, ƙwaurinta ne ya gogi ƙarfe ya ɗan kurje. Da ba wanda zai sani ma, sai dai Mama ta ga jini a bakin zanenta, kafin yamma labari ya kai wa Baba a wurin aiki.

Da ya dawo ko jakarsa bai ajiye ba ya shiga ɗakinmu. Ina kan gadona da littafi, na yi kamar ina karatu. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya tambayi ƙafa, ta ce ƙafa ta gode. Ya ce garin da zafi yau. Ta ce da zafi. Ya riƙa murza hularsa, ina ganin maganar ta zo masa har baki. Daga nan sai ya miƙe, ya juyo kaina, ya ɗaga murya.

"Mamana! Mutum ya riƙa tuna cewa akwai masu damuwa da shi. Ba duk abin da rai ke so ake yi ba. Kin ji ko?"

Na ce na ji, ko da yake ban motsa daga gadon ba tun dawowata makaranta.

Yana fita Kaka ta leƙo fuskata. "Takwara, me kika yi wa Ciyaman haka?"

"Ban sani ba, Kaka."

"To ki daina, ko mene ne."

A taron ƙarshen makon nan Baba da kansa ya kawo ƙara, abin da bai taɓa yi ba. Ya yi magana a kan yara masu ƙiriniya, da tsabtar tanki, da tsatsar da ta ci tsani. Ya ce don lafiyar kowa da kowa, daga yanzu ba mai hawa rufi, za a sa wa murfin kwaɗo, makulli kuma ya zauna a hannun kwamiti. Bai ambaci Kaka ba ko sau ɗaya. Ya ce, "Akwai mai ja?" Aka dubi yatsun ƙafa. Ya ce ta zauna.

Na tsaya a bakin taga da soso a hannu ina juya abin. Baba ba zai iya kallon idon mahaifiyarsa ya ce mata kada ta hau ba. Amma Ciyaman zai iya hana gida guda, ita kuma tana cikin gidan. Ban san ko wayo ne wannan ko tsoro ba. Na dai san Kaka ta ji komai, don tagar ɗakinmu ma tsakar gidan take kallo.

Mai waldan da zai sa kwaɗon sai washegari da rana zai zo. Da safe Kaka ta shanye shayinta ta ɗaure zane kamar kullum. Na bi ta baranda.

"Kaka, wai me kike yi a can sama?"

"Zama."

"Zama kawai?"

"Da tsayuwa, in zaman ya ishe ni." Ta dube ni sama da ƙasa. "In kina son gani yau ce ranarki. Gobe sai da izinin gwamnati."

Ban san abin da ya shiga kaina ba. Ina jin so nake in samo wani babban dalili a can, wanda zan sauko da shi in ajiye a gaban Baba, ya ga ba yadda zai yi. Na cire takalmi na kama ƙarfen, sanyinsa ya ratsa tafin hannuna.

"Kada ki kalli ƙasa," in ji ta daga sama. "Kalli dugadugaina. Ba su da kyau, amma sun san hanya."

Na bi dugadugan har na ji iska ta bugi goshina. Na rarrafa na fita, na zauna daɓas a kan siminti. Da numfashina ya dawo na duba ko'ina.

Ga tanki, baƙi, yana ɗiga a gefe ɗaya. Ga eriyoyin talabijin na maƙwabta a tsaye kamar busassun itatuwa. Ga wata kujerar katako da aka ɗaure ƙafarta da waya, da gwangwanayen madara da aka shuka barkono a ciki, ɗaya ya bushe, sauran ma ba su da wani kuzari. Shi ke nan. Daga nesa ana hango tashar bas, da hayaƙin gidan burodi, da wani mutum yana wanke mota da ƙyalle. Kaka ta ja kujerar, ta yi ƙara ƙiiii a kan siminti, ta zauna ta miƙe ƙafa ta lumshe ido.

Gaskiya raina bai so ba. Na zata zan ga wani abu.

"Kaka, in muka ce barkonon nan da shi ake girki a gida fa?"

"Wannan? Ko tsuntsu leƙawa yake ya wuce."

"To mu ce likita ne ya ce ki riƙa shan iska."

"Wane likitan? Takwara, ba ki iya ƙarya ba, kada ki fara da tsufana."

"To ai dole a ba su dalili."

Ta buɗe ido ɗaya. "Wa ya ce?"

Wa ya ce? A makaranta ko banɗaki za ka sai ka faɗi dalili, a gida ma haka, har na ɗauka haka duniya take, mai son yin abu shi ke da bayani. Ban taɓa tunanin wataƙila mai hanawa ne ya kamata ya yi bayanin ba. Tunanin ya ba ni tsoro kaɗan, irin tsoron da na ji a kan tsani.

Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "A ƙasa, ko tari na yi sai an kawo mini ruwa."

Ta sake lumshe ido.

Da rana mai walda ya zo da injinsa. Ya ga Kaka a bakin ƙofa tana kallonsa, duk ya daburce.

"Kaka, ki yi haƙuri, aiki aka ba ni."

"Yi aikinka, ɗana. Ka dai yi shi da kyau, kada a ce da aikin banza aka tsare ni."

Ya liƙa ƙarfe biyu, ya rataya kwaɗo mai ruwan zinariya, ya tafi yana ta waiwaye.

Kaka ba ta yi faɗa ba, ba ta kuma yi ƙorafi ba, abin da ya fi damuna ke nan. Da safe sai ta shanye shayi ta ci gaba da riƙe kofin. Mama, wadda ke son ta faranta mata, ta riƙa shigowa da matashi, da man shafawa, da tambayar ko a buɗe taga, ko a rufe taga, ko fanka ta yi yawa. Kaka ta ce to, ta ce an gode, ta ce ba komai. Ta daina tsokanata. Ta daina cewa Ciyaman. In Baba ya shigo gaisuwa sai ta amsa daidai yadda ake amsawa, ba ƙari, shi kuma ya fita kamar wanda aka mara.

Wata yamma na same shi a baranda yana goge takalminsa. Na daɗe a tsaye ina shirya maganar a raina, da na buɗe baki kuma duk ta watse.

"Baba, dokar nan... da gaske don yara aka yi ta?"

"Mamana, je ki yi karatunki."

"A cikin karatun na samo tambayar."

Ya kusa yin dariya, amma ya danne. Ya ajiye buroshi. "To ke mai karatu, ba ni amsa. In ta faɗo daga can ta karye, wa za a kira? Kwamiti? Wa zai zauna a bakin gadon asibiti? Wa zai ce da na sani?"

Na koma ɗaki da tambayoyi biyu a kaina, ta Kaka da ta Baba, kowace na duba sai in ga tana da gaskiya, kuma sun ƙi zama wuri ɗaya.

Iska ce ta raba gardamar, ko in ce ta tayar da ita. An yi wata iska mai ƙarfi da hadari, ta juya eriyar Direba, maƙwabcinmu na hawa na biyu, wanda ke tuƙa motar kamfani, kuma ba abin da yake so a duniya kamar kallon ƙwallo. Talabijin ɗinsa ya koma yayyafi zalla ana gobe babban wasa. Ya hawo da gudu neman makulli. Baba ya ce doka ta hana. Direba ya ce minti nawa ne, juyawa kawai zai yi. Baba ya kalli ƙofar ɗakinmu, ya san in murfin nan ya yi ƙara Kaka za ta ji, ya ce doka doka ce. Direba ya sauka yana magana shi kaɗai, ya je ya kalli wasansa a tsaye a shagon aski.

Saboda haka taron da ya biyo baya ya cika fiye da kullum, har kujeru suka kasa. Ina shirin kama wurina a tagar kicin sai na ga Kaka ta yafa mayafi.

"Ina za ki, Kaka?"

"Wurin gwamnati. Ki zo ki ga yadda ake yi, tunda ke ma ba ki taɓa gani a kusa ba, sai a littafi kawai."

Na miƙa mata hannu a matakala ta ture shi. Da muka fito tsakar gida surutu ya ɗauke. Tela ya yi wuf ya ba ta kujerarsa. Baba ya miƙe, ya zauna, ya sake gyara hula. Ni na tsaya a bayanta ina ji kamar kowa ni yake kallo, alhali ba wanda ya san ina wurin.

Direba ne ya fara. Ya ce shi bai ƙi doka ba, shi mutum ne mai bin doka, a hanya ko fitila ta lalace sai ya tsaya. Amma a gyara ta. "Mu da ƙarfinmu a bar mu mu hau. A ce dai wanda ya haura sittin shi ne ba zai hau ba. Shi ke nan, kowa ya huta."

"Ku dakata," in ji Tela. "Sittin ɗin da lissafin wa?"

Direba ya ce, "Da naka, Baba Tela, wanda ya tsaya a hamsin da tara tun ina makaranta."

Aka kwashe da dariya. Baba bai yi ba. Na ga ya ji daɗin gyaran, don zai raba shi da Direba, na kuma ga yana kauce wa gefen da muke. Ya maimaita sabuwar dokar da sauri, ya ce, "Akwai mai ja?"

Kawuna suka sunkuya.

"Akwai," in ji Kaka.

Ba da ƙarfi ta faɗa ba, amma sai da wata mata ta saki murfin kwanon da ke hannunta. Ina jin tunda aka kafa kwamitin ba a taɓa amsa tambayar nan ba, har mutane sun manta tambaya ce.

Tela ya yi gyaran murya. "Kaka, Allah ya ƙara girma, ai ƙa'idar ita ce kowace ƙofa baki ɗaya. Bakin ƙofarku kuwa Ciyaman ne."

"Bakin nasa ne, ban hana shi ba. Ƙafafun dai nawa ne." Ta juya tana duban mutane ɗaya bayan ɗaya. "A gidan nan wa ya haura sittin yake hawa rufi? Ku nuna mini shi mu gaisa."

Aka shiga kallon juna.

"To ashe ni ce dokar. Ku kira sunana mana, ku huta da zagaye. Tambaya ɗaya na zo da ita. In na hau, wa na cuta? Mai magana ya yi, wallahi zan saurara."

Na zata ba mai tankawa. Sai Malamin Lissafi, wanda ɗakinsa ke daura da namu, mutum mai kunya da ko gaisuwa a hankali yake yi, ya ɗaga yatsa kamar ɗalibi.

"Kaka, ni dai... kujerar nan. Daidai saman gadona take. In kika ja ta, har cikin haƙorina nake ji. Ranar hutu ma."

"Tun yaushe?"

"An daɗe."

"Shi ne ba ka faɗa ba? Wannan haƙƙinka ne, ɗana, na shiga barcinka ba da izini ba. Ka yafe ni. Zan naɗe ƙafafunta da tsumma, in ka sake ji ka buga mini silin da tsintsiya." Ta juya. "Saura wa?"

Nas ta gyara zama. Ita ba ta da kunyar Malamin Lissafi. "Kaka, ni zan faɗa miki gaskiya, don ni nake ganin irinku a kan gado. Ƙashin tsoho in ya karye ba ya haɗewa da wuri. Kin ce wa kika cuta. In kika faɗo, mu za mu ɗauke ki. Ɗanki ne zai bar aiki, surukarki ce za ta yi jinya, yarinyar nan ce za ta daina barci. Ba ke kaɗai za ki faɗo ba."

Na ji maganar ta shige ni, don ita ce ta Baba, an dai faɗe ta da kyau. Na leƙa fuskar Kaka ina tsoron ta rasa amsa. Ta jima tana gyaɗa kai.

"Gaskiya kika faɗa, 'yata. Za ku ɗauke ni, kuma za ku sha wahala. Ban musa ba." Ta nuna Direba da haɓa. "Wannan da ke tsayawa a fitilar da ta lalace, kin taɓa ganin yadda yake shigowa layin nan da babur?"

"Kaka, ni kuma me ya kawo ni ciki?"

"In ya kife, mu za mu ɗauke shi. Tela kuma, shayi yake sha ko sukari yake jiƙawa? Ke kika ce masa ya rage, a gabana. In ya kwanta, mu za mu yi zirga-zirga. Ke kanki, tsayuwar da kike yi a asibiti ba ci ba sha, ranar da jiri ya ɗebe ki a matakala wa ya kama ki? Duk wanda ke gidan nan yana ɗauke da abin da wata rana zai faɗo a kan sauran. To ku kira mai walda ya zo da kwaɗuna da yawa. A sa wa babur, a sa wa gwangwanin sukari. In an gama a sa wa nawa, ba zan ce uffan ba."

"A'a, a bar sukari inda yake," in ji Tela da sauri. Aka sake yin dariya, har da Nas.

Wata daga baya ta ce, "To Kaka, ki dai faɗa mana abin da kike yi a can, ko hankalinmu ya kwanta."

Na san abin da ke can, kujera ce da barkono marar kuzari.

"Ba zan faɗa ba," in ji Kaka. "Ba don sirri ne ba. Na taɓa tambayarki abin da kike yi in kin rufe ƙofarki?"

Sannan ta juya ga Baba, karo na farko tun zamanta. Muryarta ta sauka.

"In kwamiti ne ke magana, an zaɓe shi ya ba mu ruwa, ya kuma raba mu in wani ya taka wani. Na ji na Malam, na ɗauka. In kuma ɗana ne ke magana, ya san ƙofar ɗakina. Ba sai ya tara mini gari ba."

Baba ya daɗe yana kallon makullin da ke hannunsa. Ban taɓa ganin babbar muryar nan ta rasa hanyar fita ba sai ranar. Da ya yi magana ma a hankali ya yi.

"Ana so a cire kwaɗo. Akwai mai ja?"

Kawuna suka sunkuya, aka dubi yatsun ƙafa. Abin ya ba ni mamaki, har ya ɗan dame ni. Shirun da ya kafa dokar shi ne dai yake shirin tayar da ita, kuma ban tabbata rabin mutanen ba eriyarsu kawai suke tunani ba.

"Ni har yanzu ina ganin ganganci ne," in ji Nas. "Kuma kullum muka haɗu sai na faɗa miki, Kaka."

"Faɗi, 'yata. Baki ai ba kwaɗo ba ne, zan iya wucewa ta gefensa."

Baba ya ce, "To, ta tashi." Kalmar ta fito masa wani iri, kamar bai taɓa furta ta ba. Ya miƙa wa Direba makulli, shi kuwa ko rufe taro bai jira ba.

Kafin magariba Baba ya yi sallama a ƙofarmu. Na yunƙura zan fita Kaka ta ce in zauna, ɗakina ne. Ya durƙusa a inda ya saba, ya cire hula ya ajiye a gwiwa.

"Inna, ba Ciyaman ba ne. Ni ne."

"Na gane ka."

"Tsoro nake ji. Kullum ina wurin aiki, waya ta yi ƙara sai gabana ya faɗi. Ina roƙonki ki daina hawa."

Kaka ta dube shi, irin kallon da ban taɓa ganin ta yi masa ba, tunda ba ta cika kallonsa kai tsaye ba. Na ɗauka za ta ce to. Ina jin shi ma haka ya ɗauka.

"Na ji roƙonka, kuma ya fi mini kwaɗon daɗi nesa ba kusa ba. Amma a'a."

"Inna..."

"Ranar da ka fara tuƙa keke a babban titi, ina bayan ƙofa ina leƙe. Ban fito ba. Tsoron nawa ne, na riƙe abina. Kai ma riƙe naka. Ranar da ƙafafun suka ce sun gaji, ni za su fara faɗa wa, kuma ba zan yi musu gardama ba."

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "To ko in riƙa tsayawa a ƙasa ina riƙe miki?"

"Tsanin a bango yake kafe. Me za ka riƙe?"

"Ni dai in tsaya."

"Baranda ta kowa ce."

Da safe ta shanye shayi, ta yayyage wani tsohon zane ta cusa tsummokaran a ƙugu saboda ƙafafun kujera, ta fita. Baba na tsaye a gindin tsani cikin kayan aiki, jakarsa a ƙasa. Ta wuce shi kamar ba ta gan shi ba, ta kama ƙarfe. Ya kai hannu, ya janye, ya mayar da hannayen baya ya haɗe su. Tana hawa leɓɓansa na motsi. A tsakiya ta tsaya ta huta, na ga wuyansa ya miƙe. Ta ci gaba, ta tura murfi, haske ya zubo barandar, ta shige.

Ya jima a wurin yana kallon sama. Sannan ya ɗauki jaka ya kama matakala. Na leƙa ina kallonsa yana sauka a hankali, yana tsayawa a kowane hawa yana kasa kunne, ko da yake daga can ba abin da ake ji.